Mutumin da Ya Ce Yana Zuwa

Babana bai iya sallama ba. Ko gona za shi, ko kasuwar Bunkure, ko Kano ɗungurungum, magana ɗaya yake jefo mana daga bakin ƙofa: "Ina zuwa." Ya saɓa fartanya ya ce yana zuwa, sai la'asar a gan shi. Ya hau keke ya ce yana zuwa, sai bayan kwana biyu ya shigo da buhun iri ɗaure a baya, yana tambaya ko an ba awaki ruwa. Tun muna ƙanana muka gane cewa "ina zuwa" ɗin Baba ba ta san agogo ba. Amma mun kuma san duk daɗewar da zai yi, zai zo ɗin.

Inna kuwa, mahaifiyata, Allah ya hore mata baki. Ba don in rage ta nake faɗa ba, ni ma a wurinta na gada, mijina shaida ne. Mace ce mai farar zuciya, in ta dafa abu sai unguwa ta ɗanɗana, amma in ranta ya ɓaci sai ta amayar da abin da ke cikinta har da ƙari, in ta huce kuma ta rasa inda za ta sa kanta. Baba ya san ta sarai. In ta ɗauko faɗa sai ya gyara zama kamar mai sauraren labarai a rediyo, in ta tsagaita ya ce, "An gama, ko da saura?" Sai ta sake hawa. Haka suka yi zamansu shekara da shekaru, mu kuma muka tashi ba mu ɗauki abin a bakin komai ba.

Unguwarmu 'yar ƙarama ce tsakanin Kura da Bunkure, gidajen Kirista ne da za a iya ƙirgawa da yatsu, a gefen garin Musulmi. Kakanninmu Maguzawa ne, iyayenmu ne suka karɓi bishara. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta ƙasa mai rufin kwano. Inna ce mai buga tulu a zumuntar mata, ranar da ba ta je ba waƙa ba ta tashi. Tun da aka jawo ruwan madatsar Tiga aka ratsa gonaki da kanal, wato magudanar ruwa, rani ya daina zama lokacin hutu a wurinmu. Kowane layin gonaki da ranar ruwansa. In an sako ruwa ranarka, ko loma ce a hannunka ajiye ta za ka yi, ka je ka jera bututu a kan gaɓa, ka zuƙo ruwa zuwa fangalinka. Ka yi sake ya wuce sai wani satin, tumatir kuwa ba ya jin ban haƙuri.

Gonar da ke jikin tamu ta wani malami ce mai makarantar allo, wanda muke kira Baba Malam. Tare suka tashi da Babana, tare suka yi kiwo, kuma rana ɗaya suke ban ruwa. Sun yi gardamar addini har ta gaji ta bar su. A wurinsa Baba ya fara ganin yadda ake riƙe littafi, har ya tsinci 'yan baƙaƙen ajami tun suna samari. Boko kuwa da girmansa ya koya, a ajin yamma na majami'a. Kansa ya ɗauka, amma hannunsa ya ƙi. Duk lokacin da ya ɗauki Littafi Mai Tsarki, ta dama yake buɗewa kamar yadda ya ga Malam na yi, wato ta baya. Mai bishara ya gyara masa har ya haƙura. Mu yara muna ta dariya, shi ko a jikinsa. Yakan ce, "Ni ta ƙofar da na sani nake shiga gida. In na shiga ai na shiga."

Abin da zan ba da labari ya faru ne a ƙarshe-ƙarshen shekarun tamanin, a ranin da kowa ya rufa wa noman alkama. Ni kuma na dawo gida wankan jego da 'yata ta fari. Safe da yamma Inna ta dafa ruwa ya tafasa, ta fyaɗa mini da ganye ina ihu tana cewa ban ga komai ba, sannan ta ɗura mini kunun kanwa kamar wadda ta yi mata laifi. Baba kuwa kullum kafin ya fita sai ya leƙo ya ɗauki jaririyar, ya ce amaryarsa ta fi uwargidansa haƙuri. Ya san Inna na ji, don ita yake faɗa.

Kwana biyar bayan suna, Inna ta tashi da sassafe ta yi ɗanwake. Ba ƙaramin aiki ba ne a wurinta ranar, ga ruwan wankana, ga baƙi 'yan barka da ba su gama ɗaukewa ba. Amma Baba ya kwana uku yana mitar ya yi marmari, sai ta daure. Ta zuba masa a akushinsa, da man gyaɗa da yaji, ya wanke hannu ke nan ya kai loma ɗaya, sai wani mai keke ya wuce ta bayan katanga yana ɗaga murya cewa an sako ruwa. Ranar da wuri aka sako. Baba ya miƙe yana lasar yatsa, ya janyo malafarsa.

Inna ta ce, "Ina kuma za ka?"

Ya ce, "Ba ki ji ba? Ruwa ya iso."

"Ruwan guduwa zai yi kafin ka ci loma biyar? Tun asuba nake tsugune a bakin murhu, hayaƙi ya gama cinye mini ido!"

"Rufe mini shi. Ina zuwa."

"Ina zuwa, ina zuwa! Shekara nawa ina rufe maka abinci? In ka ga dama kada ka dawo!"

Ina zaune a ƙofar ɗaki ina shayar da yarinya, duk a kan idona aka yi. Baba ya yi dariya, ya ƙyafta mini ido, ya sake cewa, "Ina zuwa," ya fita. Inna ta ɗauki faifai ta kifa a kan akushin da ƙarfi, ta ci gaba da mita ita kaɗai. Ni ma dariya na yi. Na ji irin wannan magana daga bakinta sau ba adadi.

Kafin azahar muka ji sallamar Baba Malam a zaure. Bai saba zuwa a irin wannan lokaci ba. Na yafa zane na leƙa, sai na ga malafar Baba a hannunsa, wandonsa jiƙe da laka har gwiwa. Tun kafin ya buɗe baki na riga na ji a jikina. Ya ce yana can ƙarshen gonarsa sai ya ga ruwa ya cika fangalin maƙwabcinsa yana malalowa cikin nasa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya taka ya je ya duba, ya tarar da Baba kwance a gefen gaɓa, bututu a hannu, rai ya yi halinsa. Ba ciwo, ba jinya. Shi da manyan ɗalibansa suka ɗauko shi.

Da yamma aka binne shi a bayan majami'a. Baba Malam da mutanensa suka tsaya daga gefe har aka gama, kuma daga ranar har girbi shi ya riƙa ba gonarmu ruwa, ba wanda ya roƙe shi.

Na yi kuka har muryata ta dushe. Inna ba ta yi ba. Mata suka riƙa yaba mata, wai ta cika mai bangaskiya. Ni da na san ta, tsoro ne ya kama ni. Washegari ta tashi ta dafa ruwan wankana kamar kullum, ta fyaɗa mini, amma ba faɗa, ba tsiya. Ta dama kunu ta miƙo mini, ita ta kurɓi abin da bai kai ludayi ba ta ajiye. Tuwo kuwa ko kallonsa ba ta yi. Akushin Baba ta wanke shi ta kife a kan randa. Gidan da aka saba jin muryarta tun daga bakin rijiya ya yi tsit, har maƙwabta suna leƙowa su ga ko da mutane.

Sai da aka yi kwana bakwai na gane. Tana cuɗa mini baya, na ce, "Inna, don Allah ki ci wani abu. Yunwa ba za ta dawo da shi ba."

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni na ce kada ya dawo."

Na ce, "Haba Inna, ai kullum kina faɗa."

"Ranar ya kama."

Mu mutanen nan mun san baki. Mun shiga majami'a, an yi mana baftisma, amma tsoron baki yana nan a ƙasan zuciya inda kakanni suka ajiye shi. Inna ta gama yanke wa kanta hukunci: bakinta ne ya bi mijinta har bakin kanal ya tare masa hanyar gida. Abin da ya fi ci mata rai, ya tafi ba ta ce ya yafe mata ba, kuma a ganinta ƙofar wannan ta rufe har abada. Bakin da ya yi wannan aiki, in ji ta, bai cancanci abinci ba.

Kowa ya gwada nasa. Mai bisharar da muke da shi lokacin saurayi ne, bai daɗe da fitowa daga makaranta ba, yana da kirki, yana kuma da manyan kalmomi. Ya zo ya zauna ya yi mana wa'azi a kan zuwan Almasihu na biyu, da busa ƙaho, da tashin matattu, da kursiyin shari'a. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Sai zafin wa'azi ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa a ranar nan har maganar banza da mutum ya furta sai ya amsa tambaya a kanta. Bai san komai ba, bawan Allah. Na ga Inna ta runtse ido. Da na raka shi zaure na ji kamar in maƙure shi, sai dai na ce masa mun gode.

Matan zumunta suka zo da tulu suka ajiye a gabanta, suka ɗauko waƙar da ta fi so. Ta sa ƙafa ta ture tulun a hankali. Waƙar ta yi baiti ɗaya ta mutu.

Baba Malam ma ya zo, ya tsaya a zaure, Inna tana daga ciki. Ya ce, "Uwargida, akwai saƙon da nake riƙe da shi. Ranar nan da ya iso gona, na ce masa yau ka yi sammako. Ya ce mini, bari in yi maza in koma, na baro ɗanwake da faɗa a gida, kuma dukansu da zafi suka fi daɗi. Yana faɗa yana dariya. Wallahi ba da fushi ya fito ba. Kwanansa ne ya ƙare, ba wanda ya isa ya ƙara masa ko ya rage."

Ni kam na ji sanyi a raina, har na yi dariya cikin hawaye, don maganar Baba ce sak. Na juyo ina murna, sai na ga Inna ta dafe kai. Ta ce, "Kin ji ko? Niyyar dawowa yake. Ni na hana."

A nan ne halin da na gada ya motsa. Na ce, "Inna, ke ce Allah? Ke kike rayawa kike kashewa? Da bakinki na kisa, da akuyar maƙwabta da kike tsine wa kullum ta daɗe da mutuwa, ga ta can ta haifi biyu!" Na yi ta faɗa har yarinya ta farka. Da a da can ne, da na ga abin da ya fi ƙarfina. Ranar kuwa kallona kawai ta yi ta ce, "Ki kiyayi bakinki, 'yar nan." Ta shige ɗaki. Na zauna na yi kuka, don na gwammace ta zage ni.

Kwanaki suna tafiya, arba'in na ƙaratowa. Ranar da na cika, dangin mijina za su zo su ɗauke ni. Yayyena maza biyu suna Kano wurin aiki, sun zo zaman makoki sun koma. Zanen Inna ya fara zagaye ta har da saura. In ta ɗauko tukunyar ruwan wanka sai ta huta sau biyu kafin ta kai banɗaki. Na lura ni ce kawai ke tashinta daga tabarma, ni da yarinyar. Na tabbata in na tafi na bar ta a haka, kafin a yanke alkama za a haƙa kabari na biyu kusa da na Baba.

Saura kwana uku, da hantsi, na shiga ɗakin Baba in kintsa kayansa, don in rage mata aiki. A jikin ƙusa na ga jakar da ya ɗinka da buhun taki, Littafinsa a ciki. Na fito da shi tsakar gida ina kaɗe shi. Inna tana zaune a inuwar rumbu, yarinya a cinyarta. Ta dubi jakar ta daɗe, sannan ta ce, "Karanta mini inda yake karantawa."

Ita ba ta yi ajin yamma ba, ta ce harufa suna yi mata yawo. Na zauna kusa da ita na buɗe ta farko kamar yadda aka koya mana a makaranta.

Ta ce, "Ba ta nan yake buɗewa ba."

Na juya Littafin, na buɗe ta dama. Sauran shafuka fari ne tas, wasu ma a manne suke, amma wannan na ƙarshe ya yi baƙi ƙirin da yatsa. Gefensa ya yi kore-kore, irin tabon da ganyen tumatir ke bari a hannu, ga karan alkama guda a tsakiya. Ashe duk shekarun nan, Baba in ya shiga ta ƙofar da ya sani, a zauren yake zama. Na fara karantawa, ba na ma bin ma'anar. Har na iso kusa da ƙasan shafin, inda Ubangiji da kansa ya yi maganarsa ta ƙarshe. Na karanta na wuce.

Inna ta ce, "Tsaya. Sake."

Na sake.

"Wa ya faɗa?"

"Ubangiji ne, Inna."

"Ke, ba na son wasa. Haka aka rubuta, ko ke kika sa?"

Na ce, "Ga shi nan, baƙi a kan fari. Cewa ya yi yana zuwa." Na ɗora yatsanta a kan kalmomin, ko da yake ba ta iya karantawa. Yatsan ya faɗa daidai inda takardar ta fi baƙi.

Can ta ce, "Shi ma bai yi sallama ba ke nan?"

Na duba, na ce, "Bai yi ba."

Inna ta sha jin labarin zuwan Almasihu na biyu tun kafin a haife ni, ta sha buga masa tulu. Amma kullum da manyan kaya yake zuwa mata, da ƙaho da girgije da shari'a, abin da za ka ji ka sunkuyar da kai. Ba ta taɓa jin sa da maganar tsakar gida ba, irin wadda mutum ke faɗa in ya ajiye loma ya fita da niyyar dawowa ya ƙarasa. Wannan kam ta san ta. Ba macen da ta kai ta saninta a ƙasar Kano.

Ta ce, "Ashe a nan ya samo ta, ɗan duniya."

Ban sani ba ko a nan ya samo, ko kuwa ya tarar da maganarsa ce a shafin ya ji daɗi ya zauna. Ban yi mata gardama ba.

Ta sake cewa, "To in ya tashi zuwa, shi kaɗai zai zo?"

Na ce, "A'a. An koya mana cewa waɗanda suka yi barci suna dogara gare shi, ba zai bar ko ɗaya a baya ba. Tare za a gan su."

"Har da babanki."

"Har da Baba."

Ta riƙa jijjiga yarinyar, tana kallon akushin da ke kife a kan randa. Ina ganin yadda take juya abin a ranta, don Inna ba ta karɓar magana sai ta ƙwanƙwasa ta ta ji ko da tsaga. Sannan ta ce a hankali, "Ni na ce kada ya dawo. Shi ya ce yana zuwa. Wannan ma ya ce yana zuwa, kuma da shi zai zo. Su biyu ke nan, ni ɗaya."

Na ce, "Haka ne."

"To bakina bai kai can ba."

Na buɗe baki zan ce ai tun farko bai kai ko'ina ba, sai Allah ya taimake ni na yi shiru. Sau ɗaya ke nan a rayuwata da na riƙe harshena a kan lokaci, kuma har yau ina alfahari da shi.

Sai kuka ya zo mata. Kukan kusan wata guda da ta danne, ta yi shi a zaune, da ƙarfi, har matan maƙwabta suka shigo da gudu. Na ce su ƙyale ta. Da ta gama ta share fuska da bakin zane, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma kin zauna kin zuba mini ido, ba abin da za a ci a gidan nan? Mace har ta haihu ba ta san ta ɗora tukunya ba!" Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na miƙa wa wata maƙwabciya Littafin na ruga murhu. Fate na yi mata, don cikinta ya daɗe a rufe, ta sha rabin kwano tana cewa gishiri ya yi yawa.

Da yamma ta zaunar da ni ta koya mini abin da ta sani. Ta ce wanda ya yi sallama, shi ake naɗe wa tabarma. Wanda ya ce yana zuwa kuwa ba a naɗe tasa, ba a kuma zama a bakin ƙofa a ƙi ci a ƙi sha, don in ya shigo ya tarar gida ya lalace, kunya ce taki. Shara za ki yi, ki ba awaki ruwa, ki ci abincinki, kunnenki yana waje. Ban yi karatun tauhidi ba, amma na zauna a gaban masu wa'azi da yawa tun daga lokacin, ban ji wanda ya faɗa mini yadda ake jiran Ubangiji fiye da haka ba. Ni dai na gaskata zai zo. Ban san ranar ba, kuma rashin sanin bai dame ni ba, don a gidan da ba a sanin ranar na tashi.

Ranar arba'in ɗina ta faɗo daidai da ranar ruwan layinmu. Tun da safe Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumunta, ta ce kafin 'yan ɗaukata su iso in raka ta gona. Ba ta taka hanyar ba tun ranar. Na goya yarinya muka bi gefen kanal a hankali, tana dafa kafaɗata. Alkama ta fara ja, tumatir ya nuna, an jera kwanduna a bakin hanya ana jiran mota. Baba Malam yana cikin gonarmu ya naɗe wando, yana jera bututun Baba. Da ya hango mu ya tsaya, suka gaisa daga nesa.

Inna ta ce, "Malam, nuna mini wurin."

Ya nuna mata da hannu, gefen gaɓa, inda ciyawa ta ɗan kwanta. Ya ce, "Uwargida, na ga kin samu ƙarfi. Alhamdu lillahi."

Ta ce, "An karanta mini cewa Almasihu ya ce yana zuwa."

Malam ya ce, "Mu ma ai muna jiran saukowarsa. Sauran bayanin ne muka sha bamban da maƙwabcina, mun kuwa bar shi sai ranar." Ya ja da baya can ƙarshen gona ya ba mu wuri.

Inna ta saki kafaɗata ta taka ita kaɗai zuwa gaɓar. Ruwa na bin bututu yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta riƙe ƙugu kamar yadda take yi in za ta fara faɗa. Da muryarta ta da, wadda ake ji tun daga bakin rijiya, ta ce, "Kai! Na ji ka ce kana zuwa. To na janye tawa. Ka dawo."

Sannan ta juyo ta ce mu tafi, rana na yi, kuma gobe Lahadi, ba ta san hannun wa tulunta ya faɗa ba.